Fitilar da Ni Kaɗai Na Gani

Na Allah ne mu, kuma can wurinsa muka nufa, Yaya dai ya riga mu isa. Ya cika da hantsi a ɗakinsa da ke bayan shagon cajin batir, nan cikin Dutse, bayan ciwon ƙirji ya daɗe yana cin sa. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Na sha zaman makoki a rayuwata, har ana yi mini tsiya wai ba na wuce ƙofar gidan da aka shimfiɗa tabarma ana rabon gumba. Amma ban taɓa zama a makoki mai ƙarancin magana kamar na Yaya ba. A makokin kowa, in an shafa fatiha sai wani ya ce, "Allah Sarki, mutumin kirki," wani ya karɓe da labarin alherin da aka taɓa yi masa, har a manta a yi dariya. A nasa kuwa mutum zai zo ya tsuguna, ya ce, "Ya haƙuri?" ya shafa, ya saci kallon ƙofar shagon nan da ke garƙame, sannan ya shiga neman takalminsa.

Sarkin fawa ya zo, ya ɗosana a bakin tabarma. Abin da ya iya cewa shi ne, "Allah Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba." Ya ja "wanda ba mu sani ba" ɗin nan har sai da na can ƙarshe ya ji. Liman ya ce, "Ba ya rasa sahun farko," kamar akwai sauran magana, amma bai ƙarasa ba. Wani tsohon direba da ya taso tun daga Ringim ya fara cewa, "Wallahi batirin da bawan Allah nan ya taɓa," sai babban ɗan marigayin ya miƙa masa kofin ruwa ya ce, "Baba, addu'a kawai za a yi masa." A zaure kuma na ji wata tsohuwa tana tambaya ƙasa-ƙasa, ko an samu malamin da zai yi karatu a shagon kafin a buɗe shi, kada abin da ke ciki ya bi wani.

Ina zaune bakina yana ƙaiƙayi. Ni na san abin da ke cikin shagon nan, na kuma san ba tsafi Yaya yake yi ba. Matsalar ita ce ni. Dillalin awaki ne ni, tun ina saurayi nake bin kasuwar Shuwarin da ta Aujara. Na taɓa rantsuwa a kan akuya mai tari cewa ƙwarewa ta yi da dusa. Aji biyu na yi a firamare aka sallame ni saboda na saka wa malami ƙadangare a aljihu. Wannan rubutun da kuke gani ma ajin yaƙi da jahilci ne ya ba ni, kuma ban ce an ci yaƙin ba. In na ce "wallahi" a garin nan, mutane aljihunsu suke dafewa. Shaida ɗaya tak Allah Ya ba Yaya a duniya, sai Ya ba shi ni. Shi ya sa na zauna rubutawa. Wataƙila takarda, da yake ba ta da fuskata, a yarda da ita.

Yaya ɗan kawuna ne, wato taubashina, ko da yake ya girme ni nesa ba kusa ba. Yana saurayi ina yawo ba wando. Wasan taubasantaka ya ba ni lasisin zolayarsa, girmansa kuma ya hana ni kiran sunansa, don haka har ya koma ga Allah "Yaya" nake cewa sannan in ɗora rashin kunyata a kai. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin wanke kwalabe a ɗakin kimiyya na wata sakandare can wajen Kano. Shi ma ba wani boko ya yi mai zurfi ba. Yana wanki ne yana kasa kunne. Da aka ba mu jiha, Dutse ta cika da ma'aikata da motoci, sai ya tattaro ya dawo gida ya buɗe shagon cajin batir.

Ba za ka ga Yaya da riga mai lafiya ba. Ruwan batir ya mai da kayansa rariya, har matarsa takan ce ita ba wanki take yi ba, huji take shanyawa. In aka kawo masa ƙaramin batir yana son ya san da saura ko babu, bakin waya yake ɗorawa a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, ya ce, "Da sauran rai," ko kuwa, "Wannan sai dai addu'a." Mutanen ƙauye har daga Buji sukan ɗauro batirin mota a bayan keke su kawo masa, don su samu na rediyo da talabijin. Batirin lasifikar masallacinmu kuwa shi yake zuwa da kansa ya ɗauko, ya yi masa caji, ya goge, ya mayar. Bai taɓa bari an yi masa maganar lada a kai ba.

Yana da wata magana da yake yawan yi in an ɗauke wuta, kuma kullum a ɗauke take. Sai ya ce, "Kakanninmu sun iya ajiye hatsi a rumbu ya kai baɗi. Mu an kawo mana wuta mun rasa rumbun zuba ta."

Ba ya ƙarya, abin da ya sa zama da shi yake da wahala ke nan. Akwai ranar da wani ƙato ya biyo ni da gora saboda tunkiyar da na sayar masa ta mutu kafin ya kai gida. Na faɗa shagon Yaya, na shige bayan batura na ja buhu na rufa. Mutumin ya tsaya a ƙofa yana huci ya ce, "Yana ciki?" Ina ta addu'a Yaya ya yi mini ƙarya ko sau ɗaya. Sai na ji ya ce, "Yana ciki. Amma ba za ka shiga ba." Ya shiga gida ya kwanto tasa tunkiyar ya ba shi. Da na fito, ashe a kan ruwan batir na zauna, wandona ya zama ragar kamun kifi. Yaya ya dube ni ya ce, "Alhamdu lillahi, an hukunta wurin da ya dace."

Abin da ya juya rayuwarsa ya faru ne a shekarun nan na wahalar mai, lokacin da kananzir ya zama sai a kwalba a wurin 'yan bumburutu, kuma ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Autarsa, yarinya mai son karatu, tana gab da gama firamare, ta ɗauki fitilar ƙwai da magariba za ta kunna ta yi aikin makaranta. Ashe da fetur a cikin kananzir ɗin. Ba zan faɗi yadda na same ta ba. Ta yi kwanaki a asibiti, Allah Ya karɓi abarsa. Daga ranar kananzir bai sake shiga gidan Yaya ba. In babu wuta a duhu suke cin tuwo. Bai yi kuka a gaban mutane ba, sai dai ya daina cewa komai in an ɗauke wuta.

Bayan wani lokaci na fara ganin baƙin abubuwa a shagon: ƙananan tukwane, guntayen tsohon kwanon rufi, tulin ƙwallon goruba, matattun baturan rediyo da yake fasawa yana kwashe baƙin garin cikinsu. Na ce, "Yaya, bola ka koma?"

Ya ce, "Fitila nake nema marar harshe, marar hayaƙi, wadda yaro zai rungume ta ya yi barci."

Na ce, "Ga batura nan ka tara kamar za ka yi gini da su."

Ya ce, "Waɗannan? Dalma ce da guba. Dubi rigata. Talaka ba ya iya saye, in ya saya sai ya ɗauko ta a keke ya kawo wa wutar da ba ta zuwa. Wadda nake so, mutumin Aujara zai haɗa abarsa a tsakar gida. Tutiyar tsohon kwano, ruwan toka irin na miya, sai iska. Iska kuwa ba a sayar da ita tukuna."

Na ce to me ya hana. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni, ya ce, "Kai ne ka hana. Wato irinka. Ka ga tutiya tana son ta sayar, iska tana son ta saya, amma in ka bar su su biyu sai su wuni suna kallon juna, kowa yana cewa albarka. Sai an samu dillali ya zauna a tsakani. Turawa suna da nasu, wani farin ƙarfe ne da ya fi zinare tsada, ɗan ƙyas ake shafawa ciniki ya faɗa. Ni dillalin talaka nake nema."

Na ce, "Nawa yake ci a la'ada?"

Ya ce, "Ba ya ci. Ya haɗa ciniki, ya tashi yadda ya zauna, ya haɗa wani."

Na ce, "Yaya, wannan ai waliyyi kake nema. A kasuwar da na sani babu shi."

Ya neme shi a gawayin ƙirya, ya neme shi a na marke, da ɓawon gyaɗa, da tsatsar da yake kankarewa daga tsofaffin garemani. A turmin matarsa yake daka, har ta gaji ta bar masa shi ta sayi wani, don ta ce fura ta fara fitowa kamar an yi ta a maƙera. Gawayin ƙwallon goruba ya fi ba shi alama. Sau ɗaya zumuɗi ya kwashe shi, ya kira mai unguwa da maƙwabta su zo su gani. Aka cika shago. Ya haɗa waya, ƙwan tocila ya yi ja kamar idon kaza mai mura, ya mutu. Aka yi dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi, haƙƙina ne na taubashi. Shi ma ya yi murmushi, amma daga nan ya ce ba zai sake kiran kowa ba sai ya tabbata.

Sai maganar jini ta zo. Ya ce mini ya tuna abin da ya taɓa ji yana wanke kwalabe, cewa jini shi ne yake kama iska a jikin mai rai, kuma akwai ƙarfe a cikinsa. Ya ce, "Allah Ya riga Ya halicci dillalin, kullum da safe ana zubar da shi a mayanka." Ya samu bokiti. Kowace safiya sai ya je ya tari jinin da za a bari ya bi ƙasa, ya shanya a kan kwano ya bushe, ya daka da gawayin goruba, ya zuba a tukunya ya liƙe bakinta da laka, ya kai wa mata masu ginin tukwane su binne masa a cikin wutar gashinsu. In ya fito sai ya kwaɓa ya yi ƙananan faya-fayai baƙi ƙirin, kamar ƙuli-ƙulin da ya ƙone.

Ku da kuka san garin nan kun san abin da mutum zai zata in ya ga dattijo da bokitin jini da sassafe. A wurinmu jini in ba ƙasa ta sha ba, to an ba wani ne ya sha. Da farko wasa ne. Mahauta sukan ce, "Malam, mutanen gidan sun ƙoshi jiya?" Ni ma nakan ce in dai Yaya yana da aljanin kuɗi, to ya samu mafi lalaci a duk Jigawa, don ko riga ya kasa ɗinka masa. Ga wari, ga ƙuda, ga taga da yake toshewa da tsumma. Wasa yana tafiya har ya daina zama wasa, ban lura da ranar da ya daina ba.

Ana cikin haka shari'a ta zo. Kowa ya yi murna, Yaya ma da ƙafa ya taka zuwa wurin taro, ya dawo muryarsa a dishe saboda kabbara. Aka rufe gidajen giya, aka kori masu caca. Samarin unguwa jininsu ya ɗau zafi, kowa yana duba ina ne saura.

Ranar da nake son ku sani, matar Yaya ta tafi suna Buji. Na biyo da hantsi ina jan wata akuya da ta ƙi sayuwa, na tsaya shan inuwa. Ya leƙo ya ce, "Ɗaure ta ka shigo." Ya rufe ƙofa, shagon ya yi duhu. Da idona ya saba sai na ga tukwanen nan a jere a kan benci, kowace da ruwan toka da guntun tutiya a ciki, a bakinta kuma baƙin faifan nan, waya ta bi ta kansu ta ƙare a ƙwan tocila. Ya ce bisimilla, ya haɗa.

Ta kama. Ba ja ba, haske sosai, har ina ganin hujin rigarsa ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya ina jiran ta mutu in yi dariyata. Ta ƙi mutuwa.

Ya ce, "Duba nan." Ya ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ya rufe bakin tukwanen. A hankali hasken ya yi ƙasa kamar mai suma. Ya yaye tsumman, ya dawo. Ya sake rufewa, ya sake yayewa. Ya ce, "Ka gani? Numfashi take yi."

Muka zauna a ƙasa muna kallonta kamar ƙauyawa sun ga jirgi. Aka kira azahar, muka kulle muka tafi masallaci, ni dai Allah Ya karɓi wannan sallar don hankalina yana shago. Muka dawo tana ci. Aka kira la'asar, muka je muka dawo, tana ci. Na kai hannu na kama ƙwan, ɗumi kawai, ba ƙuna. Can Yaya ya ce, "Da auta tana nan, da ta gama aikin makarantarta." Ya juya mini baya yana gyara wayar da ba ta lalace ba.

Na ce bari in fita in tara gari. Ya riƙe mini riga ya ce, "Kul. Abin da ya faru sau ɗaya sa'a ce. Sai na sake gasa wani ya yi haka, sannan ya zama sani. Kuma tutiyar ta kusa cinyewa, sai na samo wata." Sauran baƙin garin da ya yi wannan aiki ya zuba a gwangwanin madara ya ɗora a kan kantar shagon. Na kama bakina. Ni da ban taɓa riƙe magana ta kwana ba, na riƙe wannan.

Ba a daɗe ba yaron maƙwabcinsa ya kamu da ciwo mai sa shiɗewa. Uwar ta ce tun da warin nan ya fara shigo musu yaron bai ƙara lafiya ba. Da safe sai ga samari sun cika ƙofar shagon. Ina wurin mai shayi na hango, na taho da gudu. Suka buɗe, suka ga abin da suka zo nema: ɗaki mai duhu, taga a toshe, jini a shanye, tukwane a jere kowace da baƙin abu a baka. Ni kaina da ban sani ba, da abin da zan ce ke nan.

Yaya bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Ya'yana, fitila ce. Ku bari in haɗa muku ku gani." Babbansu ya ce a bar shi. Ya haɗa waya. Tutiyar ta riga ta cinye, faya-fayan sun bushe, bai samo wani kwanon ba tukuna. Ƙwan ko ƙyaftawa bai yi ba.

Na kutsa tsakiya na ɗaga hannu na ce, "Wallahi tallahi na ga ta kama! Tun hantsi har la'asar tana ci!"

Wani yaro daga baya ya ce, "Baba dillali, ba kai ka sayar wa babana makauniyar tunkiya ka ce kunya ce ta hana ta ɗaga ido ba?"

Wani ya ce, "Kuma wa yake kunna fitila da rana tsaka?"

Aka fashe da dariya. Da na yi shiru wataƙila da sun tsaya sun saurare shi. Rantsuwata ce ta ƙarasa shi. Suka fito da tukwanen suka farfasa a bakin titi suna kabbara. Wani ya ɗauko gwangwanin madarar nan ya buɗe, ya shinshina, ya juye a lambatu. Yaya ya bi garin da kallo har ruwan wanke-wanke ya tafi da shi. Ba su taɓa jikinsa ba, har wani ya ce masa, "Baba, don Allah muka yi, ka tuba kawai." Na yarda don Allah suka yi. Abin da ya fi ciwo ke nan.

Liman ya kira shi daga baya, ya saurare shi tsaf, ya ce shi bai ga shirka a ciki ba. Amma ya ce, "Malam, ka bar abin da yake sa mutane zato." Hukuncin liman a zaure aka yi shi, zaton kuwa ya riga ya zaga kasuwa. Sarkin fawa ya hana a ba shi jini. Mata masu tukwane suka ce kada ya sake kawo musu komai kusa da wuta. Direbobi suka koma wani shagon. Wata Juma'a Yaya ya je ɗauko batirin lasifika, ladan ya ce masa an riga an ba wani. Ya dawo hannu biyu a sake. Ban taɓa ganin ya tsufa a yini ɗaya ba sai ranar.

Babban ɗansa, wanda yake aiki a sakatariya, ya zo da ƙaramin janareta sabo a kwali. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ga wuta. Don girman Allah ka bar abin nan. A ofis ba a kirana da sunana, ɗan mai jini ake cewa."

Yaya ya ce, "Me yake sha?"

Ɗan ya ce, "Fetur."

Yaya ya ce, "Abin da ya cinye ƙanwarka ka sako mini a kwali? Ɗauke shi."

Yaron ya ce, "Ita ta riga ta tafi, Baba. Mu da muke raye fa?"

Ya ɗauki kwalinsa ya fita, kuma daga ranar gaisuwa ce kawai a tsakaninsu. Ba na ganin laifin yaron. Ina dai faɗin abin da ya faru.

Bai bari ba. Jinin da babu mai hana shi guda ɗaya ne, na ragon layyarsa. Sai ya zama gwaji ɗaya a shekara. Ni nake zaɓo masa ragon, kuma Allah Ya sani a wannan cinikin kaɗai ban taɓa yin coge ba. Ranar Sallah in an sauko daga idi, sai mu shiga bayan ɗaki inda katanga ta yi tsawo, ni in danne, shi ya yanka ya yi maza ya tara tasa, matarsa ta juya baya tana hura wuta kamar ba ta gani. Ya shanya a ɓoye, ya daka, ya gasa a murhun gida. Wutar murhu ba ta kai ta masu tukwane ba. Wata shekara ya ce ta yi kaɗan, wata ya ce iska ta shiga tukunyar ta cinye komai. Kowace shekara ƙwan ya yi ja ya mutu. Akwai shekarar da babu halin rago, ya zauna hannu rabbana har wata Sallar.

Na ce masa, "Yaya, ga kaji fa. Akwai wani baƙin zakara a gidana."

Ya ce, "Baƙin zakara? So kake a kai ni gaban alƙali a ɗaure?" Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin nan ne bai sake shi ba.

Sallar da ta wuce idonsa ya riga ya yi rauni, hannunsa yana karkarwa. Ya yanka da ƙyar, ya tara tasar, ta cika. Da ya zo miƙewa gwiwarsa ta ƙi, tasar ta kife. Ƙasa ta shanye kafin in saki ƙafar ragon. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya goge wuƙa a jikin ragon ya ce, "To. Sai baɗi."

Bai kai baɗin ba.

Da aka watse daga makoki, ɗansa ya kira 'yan gwangwan suka kwashe tsofaffin batura da wayoyi a kura. An yi karatun da tsohuwar nan ta nema kafin a buɗe. Yanzu wani yaro ne a shagon yana sayar da katin waya, janareta yana ta ɓarin hayaƙi a ƙofa.

Jiya matar Yaya ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, don haka a bakin ƙofa na tsuguna, ita tana bayan asabari. Muka gaisa, na yi mata ya haƙuri. Sannan ta ce, "Tambayarka zan yi. Ka ji tsoron Allah, yau ɗaya ka ajiye wasa. Ranar da na tafi Buji, da gaske ta kama?"

Ban rantse ba, don na san abin da rantsuwata take jawowa. Na ce, "Ta kama. Tun hantsi har bayan la'asar. In ya rufe ta da tsumma ta yi ƙasa, in ya yaye ta dawo. Na kama ƙwan da hannuna."

Ta ce, "Allah Ya saka da alheri. Ka iya rarrashi, tun da can."

Na ce, "Ba rarrashi ba ne."

Ta ce, "Na ji." Na ji tana jan hanci a bayan asabarin. Can ta ce, "Ka san a kwanakinsa na ƙarshe shi ma tambayar da yake yi mini ke nan. Ya ce shekarun sun yi yawa, ya gwada ya gwada bai sake gani ba, har ya fara tunanin ko a mafarki ya gan ta. Na ce masa, ai ba kai kaɗai ba ne a ɗakin, ka aika a kira ƙaninka ka tambaye shi."

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ce, "Dariya ya yi har tari ya taso masa. Ya ce, 'Wa? Dillali?'"

Na daɗe a tsugune. Na nemi abin zolaya in mayar, irin wanda na saba, ban samu ba. Na yi mata sallama na fito.

Ya Allah Ka gafarta wa Yaya, Ka haɗa shi da autarsa, Ka haskaka masa kabarinsa da hasken da ba ya mutuwa. Ni ba a karɓar shaidata a garin nan, shi ma bai karɓa ba. Amma Kai Kana ɗakin ranar. Ka gaya masa ta kama.